Robar Kawu

Kawunmu bai taɓa ɗaga murya ba. Abin da mutane suka fi yabonsa da shi ke nan, ni kuma shi ne abin da ya fi ba ni tsoro tun ina ƙarama. Wanda ya daka maka tsawa ai ya gama da kai, ka san inda ka taka. Kawu kuwa sai ya gyara zaman tabarau, ya yi maka murmushi, ya sa maka albarka, sai ka koma gida kana cire riga ka ga jini.

Yayan Umma ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Da mahaifinmu ya rasu ya zo ya dube mu, ni da ƙanwata Auta, irin kallon da ake yi wa kaji a kasuwa, ya ce ita tana da kai. Ya sa ta a mota ya tafi da ita gidansa. Ni da ba ni da kai na zauna wajen Umma, na koyi gyaran gashi, daga baya na buɗe shago a kan titin da ya nufi ƙofar jami'a, kuma har yau ban taɓa kwana da yunwa ba. Auta ta yi ta karatu a hannunsa har ta kai digiri na uku, a ɗakin gwaje-gwajensa. A gida Kawu ne, a jami'a Farfesa. Ba wanda ya ce bai dace mutum ya duba aikin 'yar ƙanwarsa ba, don a sashen nan ko atishawa Farfesa ya yi sai ka ji ana cewa ai gaskiya ne.

Abu ɗaya ya rage mata, ta tsaya gaban malamai ta kare kundin bincikenta. Wata jami'a can nesa ta riga ta yi mata alkawarin aikin koyarwa da zarar ta tsallake, har da gida. Gidan ne ya fi tsaya mata a rai. Tunda aka haife ta ba ta taɓa riƙe makullin ƙofar da take tata ba. A gidan Kawu, in baƙi sun zo, ɗakinta ake ba su ta koma falo. Har labule ta saya ta ɓoye a shagona, alhali ko faɗin tagogin ba ta sani ba.

In shago ya yi sanyi da rana nakan kai mata abinci. Ɗakin dogo ne, fanka biyu, ɗaya ta daɗe da mutuwa, kuma warin da yake fara tarbar mutum irin na ruwan goge jan farce ne. Nakan ce mata ashe sana'armu ɗaya, ke dai an ba ki farar riga. A kan tebura faya-fayan gilashi ne a jere. A kan kowanne an zuba wani ruwa shuɗi har ya yi baƙi, an kifa masa kwano don kada ya bushe da gaggawa. In ya bushe sai ta sa bakin reza ta ɗaga gefe, ta riƙe numfashi, ta ɓare shi. Abin da yake fitowa leda ce da ba ta kai ɓawon albasa kauri ba.

"Roba ce, Yaya," ta ce da ni ranar farko, "amma tana ɗaukar wutar lantarki."

"Wace irin roba? Ba da roba ake naɗe waya don kada wuta ta ja mutum ba?"

"Waccan daban. Wannan in kika haɗa ta da batir fitila za ta kama. Sai dai ba kowace ba. Ruwa ɗaya za ki zuba a gilashi biyu, ɗaya ta ɗauki wuta sosai, ɗaya ta yi kamar ba ta san ki ba."

"To ina bambancin?"

Ta zare ɗankwali ta nuna min kanta, wanda a ranar abin kunya ne ga mai yaya irina. "Kin ga wannan? Cikin robar zare ne dogaye, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. In ta bushe da sauri, haka suke cukurkuɗewa. Wuta in ta shiga sai ta yi ta tsalle daga wannan zare zuwa wancan, kafin ta fita ta galabaita. In kuwa aka bar ta ta bushe a hankali, sannan aka kama ta a injin can aka ja, sai zaren su kwanta su miƙe fuska ɗaya. Wuta ta bi tsawonsu ta wuce, kamar mataji a gashin da kika gama tajewa. Amma gwada jan matajin a gicciye."

"Ai sai mai kan ta mare ni," na ce. Muka yi dariya, ta buɗe kula ta ci abinci a tsaye.

Sunan Kawu a duniyar boko a kan wannan ledar ya tsaya. Ya ce ya samo robar da lantarki yake gudu a cikinta amma zafi ya kasa ƙetarewa. Abu in ya haɗa waɗannan halaye biyu, in ji Auta, da ka ɗumama gefe ɗaya ɗayan yana da sanyi sai ya fara ba da wuta da kansa. Kawu ya zaga ƙasashe yana cewa nan gaba kaɗan za a ɗinka riga da ita, ɗumin jikinka ya yi maka cajin waya. Wani kamfani ma ya shigo cikin maganar. Hotunansa da manyan mutane sun cika bangon ofishinsa, a kowanne yana riƙe da 'yar baƙar leda kamar wanda ya kamo aljani.

Awo iri biyu suke yi, kuma duk ɗalibin da ya shigo ɗakin, Farfesa da kansa yake tsayawa a kansa ya koya masa. Na wuta, a shimfiɗa ledar a dasa mata allura huɗu a jere, bisa tsawon da aka ja ta. Na zafi, a matse ta tsakanin tagulla biyu, a ɗumama ta sama, a ga abin da ya isa ta ƙasa. Na'urarsu ba ta iya bin zafi ta tsawon abu marar kauri haka, shi ya sa. In sabon ɗalibi ya buɗe baki zai yi tambaya, tsofaffin su ce masa haka muke yi a nan. Ni dai na ga allura na ga ƙarfe, ban ga wani abin tambaya ba.

Gudummawata ga ilimi guda ɗaya ce. Leda in an ja ta, ido ba ya gane ta wace fuska aka ja, dole a yi mata alama a baki, tawadar biro kuma ba ta zama a kanta, da an taɓa ta goge. Sai Auta ta ɗauki wani jan farce a shagona wanda kwastomomi suka ƙi, wai launin hanta ne, ga wani ƙyalli-ƙyalli a ciki. Kowace leda sai ta ɗiga mata ɗigo ɗaya a bakin da zaren suka nufa.

Ana saura kaɗan ta kare kundin ta shigo shago da yamma, ba sallama. Ta jira na sallami matar da nake wanke wa kai, sannan ta zauna a kujerar injin busar da gashi ta buɗe hannu. Wani ɗan dunƙule ne baƙi, bai fi ƙwayar sukari ba, a gefensa layi ɗaya launin hanta.

"Mene ne wannan kuma?"

"Ledoji ne na jera, ɗaya kan ɗaya, duk ɗigon yana fuska ɗaya. Na manne su, na yanka, na juya shi ya tsaya a kan gefensa. Yanzu zaren a tsaye suke tsakanin tagullar biyu." Ta ɗago ta dube ni. "Zafi ya wuce, Yaya. Ya wuce da gudu."

"To ba haka ake so ba?"

"Akasin haka ake so. Hanyar da muka share wa wuta, ita zafi yake bi. Duk shekarun nan wuta muke aunawa ta tsawon zaren, zafi kuma a gicciyensu, sai mu haɗa lambobin biyu mu ce abu ɗaya muka auna. Robar Kawu ba ta tare zafi. Mu ne muke tambayarta ta inda ba ya bi."

"Rigar cajin waya fa?"

"Ko agogon hannu ba za ta tayar ba."

Gaskiya sai da na yi dariya, don ban taɓa son hotunan nan ba. Da na dubi fuskarta na haɗiye sauran. Na ce mata ta fara nuna wa wani malamin, ko ta ɗauki hoto ta tura wa wani can nesa, don dai a san hannun da ya yi. Ta dube ni kamar na ce ta zuba masa guba.

"Mutumin da ya raine ni? In ya ji a bakin wani ai na ci amanarsa. Gobe zan kai masa gida. Ki raka ni."

Na raka ta. Falon Kawu sanyi ne da shi kamar asibiti, kujerun har yau ba a cire musu ledar da suka zo da ita ba. Muka durƙusa muka gaishe shi. Auta ta yi bayani, tana ta ba shi haƙuri kamar ita ta halicci zafi. Ya karɓi ɗan dunƙulen ya kai shi kusa da tabarau, ya juya, ya sake juyawa.

"Wa ya ga wannan?"

"Ba kowa, Kawu. Sai Yaya."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya yi murmushi. "To ai ba kowa ke nan."

Sannan ya yabe ta. Ban taɓa jin ya yabi ɗan'adam haka ba. Ya ce yau ya san wahalarsa ba ta tafi a banza ba. Ya ce amma kundi ya riga ya tafi hannun masu dubawa, in aka taɓa shi yanzu sai an koma baya, aikin can kuma ba zai jira ta ba. "Ki kare shi yadda yake, 'yata. In kin tsallake mu zauna mu rubuta wannan tare, sunanki a gaba nawa a baya. Lambobin ki turo min, ki goge na cikin na'ura, kada wani ɗalibi mai dogon hannu ya riga ki." Ya buɗe gidan tabaransa ya ajiye dunƙulen a ciki ya rufe.

A hanya Auta kamar ta yi tsalle. Ni kuwa ban yarda da shi ba, don ruwa ba ya tsami banza, kuma Kawu bai taɓa sa sunan kowa a gaban nasa ba, ko a katin gayyata. Na faɗa wa Umma. Ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma ni dama tun ina goye nake da baƙin ciki da yayanta.

Ranar ta zo. Da safe ne, a wani zaure mai kujeru hawa-hawa, ɗalibai sun cika baya. Umma ta sa sabon ɗinki ta zauna kusa da ni a layin gaba, a gida kuma ta bar kuloli cike da abinci don masu zuwa barka. A kan dogon tebur akwai shugaban sashe, da wani baƙon farfesa da aka gayyato daga wata jami'a don ya yanke hukunci, da Kawu a can ƙarshe yana wasa da murfin biro.

Auta ta yi ƙoƙari. Ni da ban san komai ba ma na san ta yi ƙoƙari. Ta nuna hotunan da babbar na'ura ta ɗauko na cikin robar, inda zaren suka cukurkuɗe da inda suka kwanta, ta nuna yadda wuta take ƙaruwa in an bar ledar ta bushe a hankali. Baƙon ya yi mata tambayoyi tana amsawa yana gyaɗa kai. Har ya fara tattara takardunsa. Umma ta matse min hannu.

Sai Kawu ya yi gyaran murya. Ya ce ya san a ƙa'ida mai duba ɗalibi ba ya tambaya, amma yana roƙon alfarma. Wa zai hana shi?

"Ɗaliba, ta wace fuska kika auna lantarki?"

Auta ta yi ɗan murmushi, ta ɗauka taimaka mata zai yi. "Ta tsawon ledar, Farfesa."

"Zafi fa?"

Murmushin ya tsaya a fuskarta ya rasa inda zai je. "Ta kaurinta."

"Wato ɗaya ta bin zaren, ɗaya a gicciye. To da wane dalili kika haɗa lambobin da ba hanya ɗaya suka bi ba, kika kawo wa malamai a matsayin sakamako?"

"Kawu..."

"Nan babu Kawu," ya ce, a hankali, kamar mai lallashin yaro ya sha magani.

Ya ciro gidan tabarau daga aljihu ya buɗe. Ya ɗora ɗan dunƙulen a kan tebur. Ya ce ya daɗe yana shakkar hannun da yake yi masa awo. Ya ce da shakkar ta hana shi barci sai ya zauna da kansa, da tsufansa da raunin idonsa, ya jera ledoji ya manne ya yanka, ya auna zafi ta fuskar da ta dace, ya ga abin da ya gani. Ya ce ya ja mata kunne tun kafin yau, ta ce masa lokaci ya ƙure, aiki yana jiranta. Ya ce duk takardun da ɗakinsa ya fitar a 'yan shekarun nan awonta ne, kuma wannan kam gaskiya ce, don rabon Kawu da taɓa na'ura tun kansa da gashi.

"'Yar ƙanwata ce," ya ce, ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu. "A gidana ta girma. Amma ilimi ba shi da dangi."

Baƙon ya miƙa hannu ya ɗauki dunƙulen, ya ɗaga shi wajen haske. "Wannan dabara ce mai kyau, Farfesa," ya ce. Da ya juya shi sai hasken ya bugi gefen, na ga layin nan launin hanta yana ƙyalli.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Jan farcen da yake jikin abin nan daga shagona ya fito," na ce. "Ita ta yi shi. A gabana ta ba shi, a falonsa."

Kowa ya juyo. Kawu bai ko ɓata fuska ba.

"Yayarta ce," ya gaya wa baƙon. "Gyaran gashi take yi."

Ɗalibai a baya suka fashe da dariya, har da waɗanda suka sha cin abincin da nake kawowa. Kawu ya ɗaga musu hannu su yi shiru. "Ku yi mata uzuri. Jini ne."

Baƙon dai bai yi dariya ba, in ba shi haƙƙinsa. Ya dubi Auta ya ce, "Akwai abin da za ki ce game da wannan?"

Kalma ɗaya ta ishe ta. Ta san adadin ledojin da suke ciki, ta san irin gam ɗin, ta san abin da Kawu ba zai iya amsawa ba in aka ce ya sake yin wani a gaban mutane. Na ga bakinta ya buɗe. Sai ta dubi layin gaba, ba ni ta duba ba, Umma ta duba. Umma ta girgiza mata kai a hankali, sau ɗaya, ta sunkuyar da ido.

"Babu," in ji Auta.

Aka ce kowa ya fita malamai za su yi shawara. Shawarar ba ta ɗauki lokacin shan ruwa ba. An ƙi kundin, an tura maganarta gaban kwamitin ladabtarwa. Kafin mako ya zagayo jami'ar can ta janye alkawarinta.

Daga baya muka ji sauran labarin a bakin ɗalibai. Ashe kamfanin nan ya ɗinka rigar gwaji ta ƙi ba da komai, suna ta matsa masa lamba. A wani taro a waje kuma wani ya riga ya tashi ya yi masa wannan tambaya ta fuska biyu, ya kauce da barkwanci. Ya san asiri yana gab da tonuwa. Yana neman wuyan da zai rataya wa laifin, sai ga wuya ya kawo kansa har falo, da igiyarsa a hannu.

Amma ba wannan ne ya fi ƙona min rai ba. Ranar da abin ya faru, da muka koma gida, kulolin suna jere a tsakar falo ba wanda ya zo. Auta ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Na tsaya a kan Umma.

"Umma, me ya sa kika hana ta magana?"

Tana warware ɗaurin ɗankwalinta, ba ta dube ni ba. "Jiya Kawunku ya zo," ta ce. "Ya ce gobe duk abin da na ji, in riƙe 'yata."

"Kin sani ke nan? Kika bar ta ta tafi? Kika sa sabon kaya?"

"In ban sa ba ai sai ta gane." Ta ninke ɗankwalin a kan cinyarta. "Ke ba ki san duniya ba. Ita yarinya ce, za ta warke. Shi tsoho ne, in ya faɗi ba zai tashi ba. Duk danginmu wa muke da shi da za mu nuna in ba shi ba? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Ita fa? Ba hannunki ba ce?"

Ta dubi kulolin ta ce kada abinci ya lalace, in kira mai mota a kai gidan Kawunmu, can akwai jama'a. Na ce ko gawata ba za ta kai ba. Ta fita da kanta ta tare mota a titi, ta kai.

Na tsani mutumin nan, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Amma tsanata ba ta rage masa ko loma ɗaya. Ya rubuta wa duniya cewa ya gano kuskure a ɗakinsa, ya ambaci hannun da ya yi awon, ya kuma bayyana sabuwar hanyar jera leda a auna zafi ta tsawon zare. Aka sa mata sunansa. Aka sake gayyatarsa ƙasashe, wannan karon a matsayin dattijon da ya fifita gaskiya a kan jininsa. An ƙara sababbin hotuna a bango, yanzu ɗan dunƙule yake riƙewa.

Matsala ɗaya ya samu. Masu son a auna musu tasu robar da sabuwar hanyar suka yi ta aikowa, ɗalibansa kuma suka kasa jera ledar. Wannan ta yamutse masa, wancan iska ta shiga tsakani, wani ya gama ya tarar rabin zaren sun dubi gabas rabi sun dubi kudu. Sai tausayi ya kama Kawu. Ya je gaban kwamiti ya roƙa kada a kore ta gaba ɗaya, a bar ta a ɗakin a matsayin ma'aikaciya, a ƙarƙashin idonsa, ko ta gyara halinta. Mutane suka ce wannan mutum da zuciyar zinariya yake. Umma ta sa Auta a gaba suka je suka durƙusa suka yi godiya.

Na ce mata ta bar shi ta zo shago. Hannun da ya iya ɓare ɓawon albasa daga gilashi ba abin da zai gagare shi a kan mace. Na ce in ba ta son shago ta tafi wani gari, ni zan riƙe ta har ta samu ƙafa.

"Da wane suna, Yaya?" ta ce. "Duk inda aka san roba an san nawa. Kuma ban iya komai ba sai wannan."

Ta koma gidan Kawu, ɗakin da ake ba baƙi. Labulen suna nan a saman kabad ɗina cikin ledarsu, ba ta ƙara tambayarsu ba, ni ma ban tuna mata ba.

Rannan da rana ta shigo shago da farar rigarta a hannu. Ta rame, ta koyi irin maganar Kawu, a hankali, ba hawa ba sauka. Ta gaishe da kwastomomi ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya gaban katakon da nake jera kwalaben jan farce.

"Wancan ya ƙare?" na ce. "Ba ni da irinsa, amma akwai wani ja da ya fi shi kyau."

"Ba ja nake so ba. Kina da wanda ba shi da launi?"

"Me za ki yi da shi?"

"Farfesa ya ce in daina sa alamar da ake gani. Baƙi suna tambaya."

A shagona, a gabana, Farfesa ta kira shi, ba Kawu ba.

"To in ba a gani, ke ta yaya za ki gane inda zaren suka nufa?"

"In ya bushe yana ɗan tasowa," ta ce. "Da yatsa zan shafa in ji."

Matar da take kan kujera ta ce ruwa yana shiga mata kunne. Na ɗauko kwalbar daga layin ƙasa na miƙa wa Auta. Ta ɗaga ta wajen haske ta tabbatar ba ta da ƙyalli, ta sa a aljihu, ta ce min sai an jima, an bar mata leda a kan gilashi kada ta bushe ba ta nan.